Zango a Bakin Ruwan Makango

Duk garin da Bahaushe ya sauka a ƙasar Ghana, tun daga Bawku har bakin teku, za ka tarar da unguwar da ake ce wa Zango. A can aka haifi 'ya'yanmu, a can suka yi karatun allo, a can muke ɗaura musu aure. Amma tare yaro ɗan shekara goma sha biyu ka tambaye shi ma'anar kalmar, sai ya ce maka ai sunan unguwa ne kawai. Ba laifinsa ba ne. Bai taɓa ganin zango na ainihi ba, wato fili a bayan gari kusa da ruwa, inda ayari ke sauke kaya, a ɗaure jakuna, a hura wuta, a kwana a ƙasa, gari na wayewa a ɗaura kaya a yi gaba. Mu kanmu da muka haura hamsin, a bakin kakanni muka ji shi.

Ni ɗan kasuwa ne a Bawku. Albasa nake kaiwa kudu, in dawo da bandar kifi daga Yeji. Na fi shekara ashirin da biyar ina ƙetare Tafkin Volta tsakanin Makango da Yeji, kuma kowa ya san yadda ɗan kasuwa ke kallon wannan ruwa: idonsa a kan buhunansa, hankalinsa a kan agogo, yana lissafin ko albasa za ta kai kasuwa kafin zafi ya taɓa ta. Abin da ya sa na ɗauki iyali na kai su can mu kwana a fili, dalilinsa daga gida ya taso. Tun ƙarshen shekarar 2021 da rikicin sarauta ya sake tashi a Bawku, dokar hana fita da dare ta zama kamar abin gado. A sassauta yau, a tsananta gobe. Autarmu shekararta takwas. Rabin rayuwarta, dare ta taga take ganinsa. Yayyenta maza biyu kuma sun koma wa waya, kowa da kusurwarsa. Na ce wa uwargida, yaran nan fa ba su san dare ba sai na tsoro. Da hutun makaranta na watan Disamba ya zo, muka ɗaure tabarmi da tukwane a bayan mota muka kama hanya.

Daga Bawku zuwa Yendi

Kafin mu tashi na nuna wa yara taswira a waya. Kogin da muke ƙetarewa a yammacin Bawku in za mu Bolgatanga, wato Farar Volta, wanda mutanen Burkina Faso ke kira Nakambe, shi ne ke gangarawa ya haɗu da Baƙar Volta, su zube cikin tafkin da za mu je. Shi ne kuma ke cinye gonakin bakin kogi duk shekarar da aka buɗe madatsar Bagre ta Burkina a ƙarshen damina. Na ce musu ruwan gidanmu za mu bi, sai dai shi ta yamma ya zagaya, mu ta gabas.

Muka bi ta Garu, muka hau dutsen Nakpanduri, inda hanya ke murɗewa kamar maciji har ka hango ƙasar da ka baro shimfiɗe a ƙasa cikin hazo. Daga nan Gushegu, sai Yendi. Mun kwana Yendi da gangan, domin nan ne hanyarmu ta haɗu da tsohuwar hanyar Gwanja. Fataken Kano da Katsina da Sakkwato, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sukan ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, su biyo ta Sansanin Mango, su sauka Yendi, sannan su gangara Salaga. Tafiyar watanni ce. Suna kawo kanwa da fatu da tufafin rini, su koma da huhunan goro. Kowane ayari da madugunsa, da jagaban da ke gaba yana duba hanya da wurin sauka, da uban dawaki, da malamin da ke riƙe lissafi yana jan salla.

Yendi ita ce fadar Ya-Na, sarkin Dagwamba, kuma tun watan Janairu na 2019 da aka naɗa Ya-Na Abukari Mahama na biyu garin ya samu natsuwa bayan shekarun rigimar sarauta. Ban ɓoye wa yara ba cewa abin da ya sa nake son su ga Yendi ke nan: gari ne da ya sha irin abin da muke sha, ga shi yau mutane na hira a bakin titi har tsakar dare. Na kai su kabarin Babatu, jagoran mayaƙan Zabarmawa, wanda ya ƙare rayuwarsa a garin. Washegari a hanyar Bimbila muka wuce Adibo, inda Dagwamba suka gwabza da Jamusawa a 1896. Daga Bimbila, ƙasar doya, muka juya yamma, muka ƙetare kogin Daka, muka shiga Salaga da la'asar.

Salaga, garin rijiyoyi

Wanda ya ji sunan Salaga a bakin tsofaffi, in ya zo zai yi mamakin ƙanƙantarta. A ƙarni na goma sha tara nan ce babbar kasuwar goro, inda goron Asante ke haɗuwa da fataken Hausa. Abubuwa uku suka rage mata ƙarfi. Na farko, da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874, sai Gwanjawa suka ɓalle daga hannun Asante, Asante kuma suka karkatar da goro zuwa wasu kasuwanni irin su Kintampo. Na biyu, yaƙin basasa na 1892 ya watsa garin, malamai da 'yan kasuwa suka bazu. Cikin waɗanda suka bar Salaga har da Alhaji Umaru, shahararren malamin nan haifaffen Kano, wanda ya koma Kete-Krachi ya zauna har rasuwarsa a 1934. Na uku kuwa shi ne tafkin. Kafin a yi shi, babbar hanyar mota daga Kumasi zuwa Tamale ta Yeji da Salaga take bi, a ƙetare kogi a jirgin fito cikin ɗan lokaci. Da ruwa ya faɗaɗa, sai hanya ta koma ta Kintampo da Buipe, aka bar Salaga a gefe.

Mun zagaya tsofaffin rijiyoyin garin, waɗanda aka haƙa cikin marmara, wasu bakinsu bai fi faifai ba. Har yau da rani mata na jan ruwa a wasunsu, domin Salaga gari ne mai fama da ƙarancin ruwa, duk da tafki na kusa da shi. Sai muka je wurin da ake kira Wankan Bayi. Sunan da Hausa yake, ba ya bukatar tafinta. Nan ake yi wa bayin da aka kamo daga arewa wanka, a shafa musu man kaɗe, kafin a kai su kasuwa. Babban ɗana ya ce, "Baba, da kakanninmu a cikin masu saye?" Na ce masa kasuwar da ta sayar da goro ita ce ta sayar da mutane, kuma harshen cinikin Hausa ne. Wanda zai yi alfahari da madugu, to ya san wannan ma. Ya yi shiru har muka koma mota.

Makango

Daga Salaga zuwa Makango ba nisa, hanya ce ɗaya ta kudu da ke ƙarewa a bakin ruwa. Da hunturu ƙasar duk ta bushe, ciyawa ta yi ruwan ƙasa, inda aka sa wuta kuma ya yi baƙi ƙirin. Kana cikin tafiya a wannan ƙura, sai kawai ƙasa ta ƙare, ruwa ya buɗe gabanka, fari tas, ba ka ganin ɗaya gaɓar saboda hazo. Mutanen Maradi da suka san tafkin Madarunfa za su gane irin wannan kallo na ruwa a tsakiyar busasshiyar ƙasa, sai dai wannan ya ninka shi nesa ba kusa ba.

Wannan ruwa hannun mutum ne ya tare shi. An fara gina madatsar Akosombo a 1961, aka gama a 1965, Kwame Nkrumah ya buɗe ta a Janairun 1966. Tafkin da ya taru a bayanta ya kai faɗin murabba'in kilomita 8,500, yana cikin mafiya girman tafkunan da ɗan Adam ya yi a duniya. Mutane kusan 80,000 aka tayar, aka zaunar da su a sababbin garuruwa 52. Tsohuwar Kete, wadda ta zama babban zangon Hausawa bayan watsewar Salaga, tana ƙarƙashin ruwa yanzu. Haka tsohuwar mashigar Yeji da fatake ke bi. Dazuzzukan da ruwa ya rufe kuwa ba a sare su ba, shi ya sa har yau za ka ga busassun itatuwa tsaye cikin ruwa kamar mutanen da suka ɗaga hannu.

Ba mu sauka a bakin tashar jirgi ba, can akwai hayaniyar manyan motoci da masu talla. Wani mai bandar kifi da muka daɗe muna ciniki ya kai ni gaban dattijon wani ƙauyen masunta da ke gaba kaɗan. Na miƙa goro, na faɗi abin da ya kawo mu. Dattijon ya yi dariya, ya ce bai taɓa ganin mai mota ya zo neman kwana a ƙasa ba, amma baƙo raɓa ne. Ya nuna mana wani tudu mai yashi da tsakuwa ƙarƙashin bishiyar kaɗanya, nesa da laka, ya sa wani saurayi ya nuna mana inda shanun Fulani ke bi zuwa shan ruwa don kada mu tare musu hanya.

Kwanan fili

Kayanmu ba su da yawa: tampol ɗaya babba, igiyoyi, tabarmi, gidan sauro guda uku, barguna, adda, fitila mai cajin rana, tukwane biyu, buta, jarkokin ruwan sha da muka cika tun Yendi. Na raba aiki yadda ayari ke yi. Babban yaro na ce shi ne jagaba, shi zai zagaya ya duba ramukan kunama da maciji, ya share wuri. Ƙaninsa uban dawaki, tunda ba jaki sai mota, ita da itacen wuta suna wuyansa. Auta ta ce ita fa? Uwarta ta ce, "Ke ce madugu, kowa sai ya nemi izininki." Ai kuwa ta riƙe sarautar nan da hannu biyu har muka tashi.

Duwatsu uku muka kafa muka yi murhu. Uwargida ta ce rabonta da girki a kan duwatsu tun tana budurwa a gidan kakarta, amma hannu bai manta ba. Masunta na dawowa da hantsi muka sayi karfasa da tarwaɗa suna motsi. A daren farko tuwon masara muka ci da miyar kuɓewa busasshiya da kifi, da safe koko da sauran gasasshen kifi. Bayan gida kuwa rami muka haƙa can nesa da ruwa, muka kewaye da tabarma, kowa ya gama ya zuba ƙasa.

Sadarwar waya na zuwa tana ɗaukewa, caji kuma ya ƙare a rana ta biyu. Na zaci za a yi rigima. Yaran ƙauye ne suka raba gardama: suka zo da ƙwallon da aka ɗaure da tsumma, aka kafa sanduna a yashi, aka buga har magariba. Ba Hausa sosai a bakin wasunsu, 'ya'yan Ewe ne da iyayensu suka biyo kifi daga kudancin Volta bayan an yi tafkin, wasu kuma Gwanjawa, amma ƙwallo ba ya neman tafinta. Suka koya wa nawa ɗana ƙugiya da tana, ƙaramin ya kama wani kifi bai fi tafin hannunsa ba, ya hana kowa taɓawa sai da aka gasa masa shi daban.

Dare shi ne abin da na zo nema. Bayan isha'i muka zauna bakin wuta, sanyi na saukowa daga ruwa. Agogo ya wuce lokacin da a gida ake kulle ƙofa a kashe fitila. Na lura auta tana ta waiwaye. Can ta matso ta ce, "Baba, ba za mu shiga ciki ba?" Na ce mata nan babu ciki, duk waje ne, kuma ba mai korar mu. A dare na biyu hazo ya yi sauƙi, taurari suka fito. Uwarsu ta nuna musu Kaza da 'Ya'yanta a saman kanmu, ta yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, har manyan da ke cewa sun girma suka matso. Ni kuma na ba su labarin kakana, wanda ya fara zuwa Gwanja yana yaro mai koran jakuna, ba shi da komai sai buzu da gora. Auta a nan ta yi barci, fuskarta na kallon sama. Ban ɗauke ta ba sai da wuta ta mutu.

Yaran cikin kwalekwale

Da asuba, bayan salla, ina zaune ina kallon masu fita su. A cikin kwalekwale da yawa akwai ƙananan yara, wasu ba su kai auta ba, ba riga, suna kwarfe ruwa da ƙwarya cikin wannan sanyi. Wasu 'ya'yan masuntan ne, suna koyon sana'ar gidansu a lokacin hutu, kamar yadda namu ke zama a shago. Amma duk wanda ya daɗe yana cinikin kifi a Yeji ya san akwai waɗanda ba 'ya'yan gida ba ne. Daga ƙauyukan kudu ake kawo su, a ba iyayensu ɗan kuɗi, su yi shekaru ba makaranta. Su ake turawa su nutse su kwance koma in ta maƙale a kututturen ƙarƙashin ruwa, kuma ba kowane ke fitowa ba. Ghana ta yi dokar hana safarar mutane tun 2005, ana kuma kuɓutar da wasu, amma abin bai ƙare ba.

Babban ɗana da ya fito ya tsaya kusa da ni, ya daɗe yana kallo. Bai ce komai ba sai, "Baba, kamar na Salaga." Na ga yaron nan ya haɗa abin da kansa. 'Yan uwana masu sayen kifi, wannan magana tamu ce. Muna taya kwando, muna duba ko banda ta yi kyau, to mu riƙa duba hannun da ya kamo shi. Mai kwalekwalen da aka sani da yaran saye, a bar masa kifinsa. Kasuwa tana jin magana in masu kuɗi suka haɗa baki, wannan mu muka fi kowa sani.

Ga mai niyyar zuwa

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Disamba zuwa farkon Fabrairu. Ruwa ya fara ja da baya, ƙasa ta bushe, sauro ya ragu. Daga Maris iska da hadarin bazara ke farawa, kuma a wannan tafki hadari ba ya sallama. Ƙarshen damina kuwa ruwa ke cika, kamar yadda aka gani a 2023 lokacin da ya shiga gidaje a Buipe, aka kuma buɗe ƙofofin Akosombo.

Kada ka sauka ko'ina sai da izinin masu wuri. Goro da gaisuwa sun fi kowane makulli tsare maka kaya. Ka sauka a tudu, kada ka bi sha'awar kusa da ruwa.

Ka hana yara iyo da wasa cikin ruwan gefe, musamman inda ciyawa take. Tsargiya ta yi yawa a tafkin nan tun da aka yi shi, ƙananan dodon koɗi ke ɗauke da ita, ta fata kuma take shiga. Ruwan wanka a ɗebo a dafa shi, ko a ajiye shi kwana biyu kafin a yi amfani da shi. Na sha kuwa ka zo da abinka. In bayan an dawo yaro ya ga jini a fitsari, a kai shi asibiti, akwai magani.

In za ku shiga jirgi don yawo, ku shiga da safe, kusa da gaɓa, da matuƙin da ya san inda kututture suke, kowa da rigar ceto a jikinsa. In babu rigar, a haƙura. Ƙetarawa zuwa Yeji da iyali kuwa a jira babban jirgin fito, ko da zai ci maka rabin yini. Kwalekwalen da aka cika da mutane da buhuna da babura ya sha cin rayuka a ruwan nan, kuma ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Ka kula da wuta. Ciyawar hunturu kamar fetur take, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye gonar wani. Ka share kewayen murhu, ka kashe da ruwa kafin barci. Ledar ruwa da gwangwani duk ka tattara ka tafi da su. Mu buhu guda muka cika, rabinsa ba namu ba ne.

Kuɗin da muka kashe, ban da man mota, bai kai na ɗinkin sallar yaro ɗaya ba. Abin da ya fi tsada shi ne rufe shago na mako guda, kuma na san nan ne da yawanmu za su tsaya. Ni dai abin da zan ce, kasuwa tana nan, gobe ma za a ci ta. Yaro kuwa shekara takwas sau ɗaya yake yin ta. Wanda Makango ta yi masa nisa, akwai bakin kogin Oti a gabas da Yendi, akwai bakin Daka, akwai madatsun ruwa a ƙauyuka da dama. A samu ruwa da inuwa da izinin masu ƙasa, a shimfiɗa tabarma, a bar yara su ɗebo itace su hura wuta da hannunsu.

Ranar da za mu tashi, dattijon ƙauyen ya aiko mana da ƙullin bandar kifi, muka bar masa rabin buhun albasa. Uwargida da yara suka koma arewa tare da ƙanena da ya zo ɗaukar su, ni kuma na hau jirgin fito zuwa Yeji, don kasuwar mako ba ta jiran kowa. Allah ya zaunar da Bawku lafiya, ya mayar wa 'ya'yanmu darensu, ya kiyaye duk wanda ke kan hanya ko kan ruwa.